Hula a Kan Titin Gaya

Litinin, farkon Safar, bayan Asuba

Titin nan da ya tashi daga Gaya ya nufi Wudil, da kaina na ɗauko marmararsa. Ba a biya mu ba, kuma ba shi ne ƙorafina ba. Ƙorafina shi ne ranar da muka ɗauko matata Hajo a kan ƙyaure daga Balan, muka ajiye ta a bakin titin, wata baƙar mota ta taho, na tuɓe hulata na ajiye mata a kan hanya, ta bi ta kai ta wuce. A wajenmu in namiji ya tuɓe hularsa ya ajiye a ƙasa, to ya gama roƙo, babu abin da ya rage masa. Akwai fuska a tagar motar. Fuskar ta gan ni.

Da yamma muka mayar da ƙyauren gida, yayata Gaji tana biye da mu riƙe da jaririya.

Na tambayi mai unguwa, ya ce in yi haƙuri. Na tambayi dagacin lokacin, ya ce haƙuri. Liman ya ce kwananta ne ya ƙare. Na san da ajali, ba a kansa na yi tambaya ba. Cewa na yi me ya hana su tsayawa. Shekara ta doshi ashirin, ba wanda ya gaya mini, kuma yanzu da na buɗe baki sai majalisa ta watse. To, takarda ba ta tashi ta bar mutum. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ɗan ajamin da na tsinta ya ishe ni.

Jaririyar nan ita ce Hure. Jiya aka kawo ta daga Gafasa goyon ciki. Cikin fari. Da ta shigo zaure na ga tafiyar, sai na tashi na tafi duba awaki.

Laraba, hantsi

Na sayar da shanun huɗa. Na sayar da karsanonin. Na tone abin da na binne saboda Makka.

Yaya Gaji ta tsaya a kaina ta ce, "Barau, tsufa ne ko taɓuwa?" Na ce mata duka biyun.

Alhamis, bayan Magariba

Mun je birni ni da Hamma, mun dawo da mota.

Hamma ɗan Gafasa ne, tsohon soja. Ya tuƙa motocin soja a yaƙin nan da aka gama, ya dawo ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, shi ya sa ba mai ba shi mota. Shi ya kawo mini labarin cewa gwamnati za ta sauya hannun tuƙi, kowa ya bar hagu ya koma dama. Saboda haka masu motocin da sitiyarinsu yake tsohon gefe suna neman kai da su, har wadda da sai dai ka hange ta, yanzu kuɗin shanu ya saye ta.

Dillalin yana Fagge. Ya nuna mana ƙanana, na ce a'a, ni wadda ta fi kowacce gudu nake so. Ya dube ni tun daga hula har fashen ƙafa, ya yi dariya, ya janye wani tamfol.

Ban san yadda zan rubuta ba. Doguwa ce, ta kwanta a ƙasa kamar kada. Koriya, irin korin ganyen ɗorawa bayan ruwa. A goshinta akwai damisa ta farin ƙarfe ta miƙe za ta yi tsalle. Ciki fata ce ja, mai ƙanshi, gaban kuma katako ne da aka goge har na ga gemuna a jiki. Ta wani Bature ce, manajan kamfanin gyaɗa, ya koma ƙasarsu.

Dillali ya ce, "Alhaji, wannan fa ba motar ƙauye ba ce. Shan mai take kamar raƙumi ya dawo daga Agadas."

Na ce, "Kada ka ce mini Alhaji. Makkan ce a aljihuna, ita zan ba ka. Buɗe in ga cikinta."

Ya ɗaga murfin. Na ga injin niƙa, na ga na famfon rijiya, na taɓa hango kan jirgin ƙasa. Wannan daban ne. Ya cika wurin ƙam, ko hannu ba ka samu ka zura ba, ya fi ɗan maraƙi girma, ƙarafa suna kwance a jere kamar an yi musu sahu. Hamma ya murza makulli. Na zaci za ta yi ihu irin na manyan motoci. Ba ta yi ba. Wani gurnani ta yi can ƙasa-ƙasa, wanda ba a kunne na ji shi ba, a ƙirji na ji shi, kamar ana kaɗa tambari a wani gari. Dillali ya ɗora kofin shayinsa a kan injin tana aiki. Shayin bai motsa ba.

Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam wannan.

Hamma ya leƙa ƙasan sitiyari, ya ɗago ido ya ciko da ƙwalla. Ya ce, "Baffa, abin takawa biyu ne kawai. Da kanta take sauya giya. Ba ruwanta da ƙafar hagu."

Na ce, "To, ashe ma dominka aka ƙera ta, gurgu."

Ya ce, "Dominmu dai. Gurgu da makaho." Ƙarya yake, idona garau.

Juma'a, bayan an sauko

Ban rubuta dawowar ba jiya.

Da muka bar gari Hamma ya ɗan taka, sai kujera ta rungume ni ta baya. Itatuwa suka daina zama ɗaya-ɗaya, suka zama katanga. Tafiyar da nake yi da jakai kwana biyu, da zango a Wudil, mun yi ta ban gama cin goron da na ɓare ba. Gadar Wudil ma sai da muka haye na tuna akwai kogi. Na ce masa ya isa. Ya ce, "Baffa, ko rabinta ban taɓa ba. Wannan tafiyar kunya take yi maka."

Abin da na lura da shi: a ciki shiru ne. Ba ka jin komai na waje. Na ga wani yana kora shanu bakinsa a buɗe, ban ji muryarsa ba.

Daga Gaya zuwa Balan ne ta ba mu wahala. Cikinta a ƙasa yake, tudun tsakiyar hanya yana gogarta. Duk gogar da ya yi sai in ji kamar a cikina.

Garin nan kaf ya fito. Yara sun sa mata suna Damisa tun kafin ta tsaya.

Asabar, la'asar

Yaya Gaji ta kewaye ta, hannu a ƙugu. Ta ce, "Damina saura wata biyu. Ita za ka ɗaura wa garma?"

Ita ma ta san dalili. Da ta zo wajen kujerar baya ta tsaya, ta auna tsawonta da ido, ta koma ciki.

Lahadi, hantsi

Na ɗauki fartanya da kwando na fita hanyar Gaya, ina sassabe tudun tsakiya, ina zuba ƙasar a ramuka.

Maikuɗi maƙwabcina ya wuce a kan kekensa. Wannan mutum tun muna samari bai taɓa ganin abu a hannuna ya yi shiru ba. Ya ce, "Sannu da aiki, Malam Barau. An koma aikin titi? Wannan karon ma ba biya?"

Na ce, "Wannan karon na san wanda zai bi."

Litinin

Hanya. Bayana.

Talata, bayan Azahar

Damisa tana da bakin shan mai biyu, dama da hagu. Na cika duka. Na sayo garwa-garwa a Gaya na binne a yashi bayan rumbu, nesa da murhu.

Dagaci ya aiko a ba shi aronta, za a kai amarya Ajingi. Na ce a gaya masa motar aiki ɗaya gare ta, kuma ba shi ba ne. Ɗan aiken ya ce in sassauta maganar. Na ce ya kai ta yadda na ba shi. Ubansa ne ya ce mini haƙuri.

Laraba, da yamma

Hure ta fito shan iska ta same ni ina goge damisar nan ta goshi da gefen rigata. Ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga.

Ta ce, "Baba, wai mutane na cewa domina ka saye ta."

Na ce, "Wa ya ce? Don kaina na saya. Ba ni da ikon yin gayu?"

Ta yi dariya har ta dafa ciki. Na buɗe mata baya ta zauna, ta shafa fatar, ta ce ta fi gadon aurenta laushi. Can ta ce, "Baba, Inna ta taɓa shiga mota kuwa?"

Awakin nan ba sa barin mutum ya zauna.

Juma'a

Larai unguwarzoma ta zo ta duba ta. Sun daɗe a ɗaki ita da Yaya Gaji. Da ta fito na ce yaya, ta ce lafiya lau. Ta faɗa tana kallon ƙasa. Uwarta ce ta duba Hajo, ita ma haka ta ce.

Na sa Hamma ya dawo da kwana zaurena.

Lahadi, bayan La'asar

Yau aka sauya hannu. Mun fita babban titi don Hamma ya saba. 'Yan doka a ko'ina, an kafa alluna, motoci na tafiya a hankali kamar masu jego. Wani mai keke ya taho mana gaba da gaba yana zaginmu, shi ne a kan kuskure bai sani ba.

Yanzu na gane abin da ya karya mata daraja. Da mun koma dama, Hamma ya zama shi ne a gefen daji, ni da ke zaune a hagu ni ne a tsakiyar titi. In babbar mota ta shiga gabanmu ba ya ganin komai sai bayanta.

Ya ce, "Baffa, daga yau kai ne idona. In na ɗan leƙa da hancinta, ka duba gaba. In ba mai tahowa ka ce wuce. In akwai ka ce dakata. Kada ka ce mini wataƙila, kada ka kawo mini karin magana."

Na ce, "Ashe makahon ya yi rana."

Mun gwada a bayan wata gingimari. Na ce wuce. Ban rufe baki ba gingimarin ta koma bayanmu ta ƙanƙance kamar akwatin ashana. Gurnanin nan ya tashi ya zama wani abu, ban san sunansa ba. Na ji tsoro, na kuma ji daɗi, na rasa wanne ya fi. Mutum ya zauna a kan kujera, kalma ɗaya daga bakinsa ta sa ƙasa ta naɗe. Sarakunan dauri ma ba su samu wannan ba.

Talata

Shiru. Zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa.

Alhamis

Shiru. Na tayar da ita na saurara kaɗan, na kashe. Mai.

Asabar, hantsi

Na ƙarasa hanyar har bakin Gaya. Babu tudun da zai taɓa cikinta yanzu. Maikuɗi ya ce tunda na gama in zo in yi masa ta gonarsa.

Talata, bayan Magariba

An fara dafa ruwa a cikin gida. An ce maza su koma zaure.

Laraba

Har yanzu. Larai ta ce a ƙara jira, na fari haka yake.

Juma'a, a birni, bayan Asuba

Hure tana nan. An yi mata aiki. Mace ce.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Asabar, a birni, ƙarƙashin wata darbejiya a bakin asibiti

Bari in rubuta yadda aka yi, don kada wani ya ƙara ce mini na yi hauka.

Ran Alhamis da azahar Yaya Gaji ta fito zaure ba mayafi. Ƙofar gida kawai ta nuna. Aka ɗauko Hure aka shimfiɗe ta a baya, ta cika kujerar daidai yadda aka auna. Yaya ta durƙusa a ƙasa ta riƙe mata kai. Larai tana cewa a jira la'asar, na ce ta jira ita kaɗai.

Hanyar da na sassabe ba ta taɓa mu ba ko sau ɗaya.

Da muka hau babban titi Hamma ya ce, "Baffa, yau zan ba ta abin da take nema." Allurar agogon gabansa ta tashi ta kwanta wancan gefe. Motar ta ƙara lafewa a ƙasa, kamar gudun ne ke danna ta. Duk wannan a ciki ba girgiza, ruwan da Yaya ta riƙo a kwano bai zube ba. Ba na jin komai sai numfashin Hure da salatin Yaya. Na ce dakata sau da yawa, na ce wuce sau da yawa, ban yi kuskure ba.

Likitan ya ce wa Hamma da Turanci, Hamma ya juya mini, wai da mun ƙara ko da tsawon alwala ne a hanya, da ba wannan maganar ake ba.

Tsawon alwala. A rubuta wannan.

Akwai wata gingimari ɗauke da buhuna, wajen wata tsamiya, kafin Wudil. Hamma ya ce in duba. Na duba. Na ce wuce.

Lahadi

An bar ni na ga yarinyar. Kunnen Hajo.

Ban iya cin tuwon da aka kawo ba.

Litinin, a gida, bayan La'asar

Mun dawo ni da Hamma, mata sai an sallame su. Mutanen da suka yi mini dariya sun cika zaure. Maikuɗi ya cire takalmi kafin ya taɓa motar. Ya ce, "Malam Barau, mu ne mahaukatan." Shekara nawa ina jiran wannan daga bakinsa, ya zo ban ji ɗanɗanonsa ba.

Hamma yana wanke ta, ya zaro wani abu daga ragar gaba, ƙasan damisar. Hula ce, ɗinkin hannu, shuɗi da fari, ta sha jiki, bakinta ya yi baƙi da gumi. Ya ce, "Baffa, ta wa ce wannan?"

Na ce iska ce ta kwaso.

Ya ce, "Iska a wannan zafin?" Na karɓe na sa a aljihu.

Talata

Na ce wuce. Babu mota mai tahowa. Abin da aka ce in duba ke nan.

Laraba, hantsi

Ba mota kaɗai ke kan titi ba.

Mai hular yana tsaye a hagu, a tsohon hannu, inda masu tafiya birni ke bi tun da aka yi titin. Ba wanda ya je ya gaya masa an sauya. Duk motar da za ta birni ta can gefe take wucewa, nesa da shi, shi yana nan yana jira inda ubansa ya saba jira. Mu kaɗai muka zo ta gefensa, saboda mun fito daga bayan gingimari. Hamma bai gan shi ba, buhuna sun tare shi. Ta tagata ya zo.

Kansa ba hula. Furfura ce. A bayansa, a gindin tsamiyar, akwai abu a shimfiɗe an rufa da zane, wata mace tana yi masa fifita.

Bakinsa a buɗe yake. A ciki ba a jin komai na waje.

Duk wannan bai kai ƙiftawar ido ba, amma na gani, kuma ya gan ni.

Alhamis, bayan Magariba

An sallamo su jiya, yau aka yi suna. Hajara. Mijin Hure ne ya zaɓa, yaron kirki, ban roƙe shi ba. Liman ya yi addu'a, aka raba goro, maroƙi ya yi ta wasa motar har ya manta da jaririyar.

Na sa hannu a aljihu zan ba shi abu, na taɓo hular.

Juma'a, bayan an sauko

Na gaya wa Yaya Gaji. Tana tankaɗe, ba ta tsaya ba.

Ta ce, "Da ka tsaya ina za ka sa su? A kan Hure?"

Na ce da na ba su kujerata, ni in sauka.

Ta ce, "Ɗauko mara lafiya, shigar da shi, sallama, kuka. Tsawon alwala nawa ke nan?" Ta buga rariya. "Barau, shekara ashirin ka hana kowa sakat da tambaya. Ga shi Allah ya ba ka amsa har cikin mota. Sai ka bar mu mu huta."

Ba amsa ba ce. Ni na san abin da ke kwance a bayana. Ban san abin da ke bayan mai baƙar mota ba. Ko mutum ne, ko kwalaben lemo.

Asabar

Na kai hular kasuwar Gaya wajen masu ɗinki. Sun juya ta, suka ce ba hannunsu ba ne.

Ranar kasuwar Ajingi, da yamma

Nan ma haka. Wani tsoho mai wankin hula ya ce irin wannan ɗinkin na mutanen rugage ne. Ya ce, "Tsinta ka yi?" Na ce takawa na yi. Ya dube ni, ya miƙo mini ita da hannu biyu.

Talata, bayan Azahar

Na je tsamiyar a motar haya, ban so Hamma ya sani ba. Babu kowa. Akwai wurin da ƙasa ta kwanta, da duwatsu uku da aka hura wuta. Wata mai tallan fura a can gaba ta ce ta tuna su, baƙi ne, sun wuni a nan. Na ce mota ta ɗauke su ko gida suka koma? Ta ce ita ta tashi kafin magariba, da safe ba ta gan su ba. Na ce wanda ke kwance, babba ne ko yaro, mace ko namiji? Ta ce, "Baba, a rufe yake."

Na tsaya inda ya tsaya. Motoci suna wucewa ta can gefe. Daga nan kowace fuska a taga iri ɗaya ce.

Laraba, daren Mauludi ya wuce, hantsi

Na je wurin liman, ɗan wancan limamin. Ya saurara har ƙarshe, na yaba masa. Ya ce lalura ce, babu laifi a kaina, in yi sadaka, in yi haƙuri.

Gidansu kalma ɗaya suka gada.

Alhamis

An yi yayyafi. Ƙanshin ƙasa. Masu shanu sun fara gyaran garma. Wani ɗan kasuwa daga Gaya ya aiko yana son motar, zai ba ni abin da zan mayar da shanuna har da ƙari. Yaya ta ce wannan rahama ce, aikin motar ya ƙare.

Na shiga na zauna a cikinta ni kaɗai, a kujerata. Ƙanshin fatar yana nan. Na dubi katakon, na ga fuskar da ke taga.

Wallahi har yanzu ban ga abin da hannun mutum ya ƙera da ya kai ta ba. Ta yi abin da aka saye ta dominsa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da babu ita da yanzu ƙyaure na biyu na mayar gida. Ba ni da abin da zan ce da ita.

Na ce wa ɗan aiken ba yanzu ba.

Asabar, bayan Asuba

Na gaya wa Hamma jiya. Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Ya ce, "Baffa, da ka ce dakata da na dakata." Na ce na sani, shi ya sa ban ce ba.

Na tone garwar ƙarshe. Yau zai kai ni tsamiyar, ya ajiye motar a hagu, a tsohon hannu, in 'yan doka sun zo su same ni. Mutumin nan ba zai san sunana ba, ba zai san Balan ba, amma duk wanda ya ga Damisa sau ɗaya ba ya mantawa da ita. Labari zai kai rugage cewa koriyar motar nan ta dawo ta tsaya. Zan zauna a kujerata, gilashi a sauke, hularsa a kan goshin motar. Ya zo ya tambaye ni me ya hana ni tsayawa. Zan ce masa 'yata ce a baya. In ya karɓa, to. In ya tofa mini yawu, na ji. Amma ba zan ce masa ya yi haƙuri ba.

Hure ta ce in dawo kafin la'asar, za a yi wa Hajara wanka in gani.

Na ɗauko tawa hular ma, ta wancan lokacin, daga ƙasan akwati. Shaidar taya tana nan a jikinta. Zan ajiye ta kusa da tasa.

To, ni ga shi zan je in tsaya, da tsufana, ba shanu, damina a kai. Kai fa, mai baƙar mota? In kana raye kana jin labarin titin nan, ba ka rasa ji ba. In ka mutu kana da 'ya'ya, kana da direba, akwai wanda ka taɓa gaya wa. Ba kuɗi nake nema ba, ba kotu zan kai ka ba. Ka gan ni, na gan ka. Wa ke kwance a bayan motarka ran nan? In akwai, ka faɗi sunansa in sauke abin nan daga ƙirjina. In babu kowa, ka zo ka dubi idona ka ce babu kowa.

Ina gindin tsamiya, kafin Wudil, a tsohon hannu. Wani ya zo ya ba ni amsa.